Tuwon Iya a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan ƙanwata ba, a ƙauyenmu da ke gefen Wagini a ƙasar Batsari, kwana goma sha biyu bayan an yi mini aikin rage tumbi. (Ko sha uku ne. Ina da takardar, amma bari mu ce sha biyu.)

Tun ina ƙarami ni mai jiki ne, kuma kakata Iya ce ta gina jikin nan da hannunta, don a ɗakinta na tashi. Idan baƙi suka zo takan dafa kafaɗata ta ce, "Ku dubi maigidana, ba ya kwana da yunwa." Da na gama jami'a na fara aikin ofis a Katsina sai jikin ya wuce misali. Hawan jini ya shigo, gwiwoyi suka fara ƙara, numfashi ya zama aiki. Na shekara biyu ina tambayar likitoci tambaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban kafin na yarda a yi aikin.

Dokar bayan aiki kuwa ba wasa: makonni ba abin taunawa. Sai ruwa, romo da aka tace, madara marar maiƙo, kunu mai ruwa-ruwa kamar an yi fushi da shi. Shi ma kurɓi-kurɓi, a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na saita waya tana yi mini ƙara duk bayan ɗan lokaci don in kurɓa. Na kai matsayin da idan maƙwabta suna soya albasa nakan fita ƙofar gida in tsaya kamar mai jiran wani.

A ƙauye ban gaya wa kowa ba. Yaya zan dubi Iya in ce na kai cikina an rage? Da ta aiko cewa lallai in zo suna, na shirya amsoshi uku: na ƙoshi, cikina na ciwo, ina azumin nafila. Abin da ban lissafa ba shi ne ita da kanta za ta tuƙa tuwona.

Bayan azahar aka fito da akushi zaure. Tuwon dawa, miyar kuka, man shanu yana kwance a sama yana sheƙi. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya buɗe ya ce, "Wannan naka ne, ɗan boko. Tsohuwa ta ce tun asuba take kansa, mu albarkacinka za mu ci."

Duk amsoshina uku suka gudu.

Wanda bai saba cin kwano ɗaya ba, ga matsalar: kowa gabansa yake ci. Idan ba ka ci ba, ɓangarenka zai tsaya kamar katanga, kuma akushin cikin gida zai koma. Iya kuwa tana karanta akushi fiye da yadda nake karanta jarida. Ta san inda kowa ya zauna, ta san wanda ya yi wa tuwonta rowar ciki.

Sai dabara ta zo mini (ina jin ita ce mafi muni a duk rayuwata, kodayake akwai masu biye mata). Na cire hulata, wai zafi, na ajiye tsakanin ƙafafuna a ƙarƙashin babbar riga. In yanko loma, in dangwali miya, in kai kusa da baki, in sauke ta cikin hula, sannan in yi ta tauna iska. Har lumshe ido nake yi. Loma bakwai na yi haka, katangata ta rushe, na ji kamar na ci jarrabawa.

Muna wanke hannu ƙanwata ta leƙo daga ƙofar zaure ta ce Iya na kirana. Na miƙe a hankali, na naɗe hular a hannun riga.

"Kai!" in ji Kawu Sale. "Haka za ka ratsa matan mutane, kai ba hula kamar ɗan dambe? Sa hularka."

"Kawu, ai zafi ne..."

"Zafin bai kashe mu ba. Sa."

Ina so in ce mantawa na yi, amma gaskiya ban manta ba. Ina sane na ɗaga hular nan na kifa a kaina. Tuwon da sauran ɗuminsa.

Tsakar gida cike da mata. Na durƙusa gaban Iya, wuyana a miƙe kamar mai ɗauke da tulu.

"Maigidana, sannu da hanya. Wace ce ta ƙwace mini kai a birni take ramar da kai haka?"

"Iya, aiki ne kawai."

"Ka ci tuwon?"

"Na ci, Iya. Sosai ma."

Miyar kuka ba ta gaggawa. Ta fara bi ta bayan kunnena, a hankali, sannan wani zare kore ya sauko ta goshi ya tsaya a kan girata. Wata gwaggona ta yi salati ta ce, "Jama'a, kansa na ruwa!" Wata ta ce a nemo mai mashin a kai ni asibitin Batsari.

Iya ta matso kusa. Ta sa yatsa ta lakato, ta kai hanci. "Wannan daddawata ce," in ji ta. Ta ɗaga hular.

Mata suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Iya kaɗai ba ta yi ba. Ta dubi tuwon, ta dube ni, muryarta ta yi ƙasa. "Ƙyama ce, ko tsoro kake in sa maka wani abu?"

Wannan tambayar ta fi miyar da ke fuskata zafi. Nan take na faɗi komai: hawan jinin, aikin, ɗinkin, ɗan kofin. Har takardar likita na zaro na miƙa mata, ita da ba ta karatun boko.

Ta jujjuya takardar, sannan ta ce, "Wato tumbin da na shekara ashirin ina ginawa, shi ka kai wa wani ƙato ya yanke? Ko shawara babu? Ina ya kai ragowar?"

Sai yanzu ta yi dariya, har da hawaye. Ta sa aka kawo ruwa ta wanke mini kai da kanta a gaban kowa. Ta shiga ɗaki ta dama kunun gero, ta tace shi sau biyu, ta fito da wani ɗan ludayi da ya yi baƙi don tsufa.

"Iya, likita ya ce kaɗan-kaɗan, kuma wataƙila ya kamata ya ƙara hucewa..."

"Rufe mini baki. Da ludayin nan na yaye ka. Likitanka ne zai koya mini kurɓi?"

Kwana huɗu na yi a ɗakinta, ban sake kunna ƙarar waya ba, don ita ta fi wayar kiyaye lokaci.

Iya ta rasu damina biyu da suka wuce. Jikina ya sauka, hawan jinin ya lafa, amma har yau idan na je Batsari sai wani ya tambaye ni ko in ci a nan ne ko a zuba mini a hula. Abin da na koya bai da yawa: ka gaya wa mai tuƙa tuwonka gaskiya tun tukunya ba ta hau wuta ba, in kuwa ba za ka iya ba, to ka je da hula biyu.

Hular tana nan. Sau uku aka wanke ta, amma idan hadari ya haɗo takan ɗan tashi da ƙamshin daddawa. Matata ta ce a sake wankewa. Na ce a bari tukuna.