Filas ɗina na maganin mura

Da mura ta shigo masana'antarmu a Kudenda, sai na bugi ƙirji na ce ni jikan mai magani ne. Na dafo citta, kanumfari da lemun tsami, na watsa wani busasshen ganye daga gwangwanin matata, wai a zatona na'a-na'a ce. Ashe filasko ne, maganin wankin ciki.

Mu bakwai muka shanye filas ɗin, bayi kuma ɗaya ne.

Shugabanmu Baba Bitrus, yana layin bayi riƙe da ciki, ya ce, "Likita, aikinka ya yi kyau. Yau wa ya isa ya yi tari?"

Har yau, da wani ya yi atishawa sai a ce, "Yi a hankali, kada Likita ya ji!"