Ranar da Harshena Ya Ci Amanar Unguwa

Jama'a, ku yi mini uzuri, yau da hannu kawai nake magana da ku. Baki ya tafi hutu. Harshe ya kumbura ya cika shi taf, dasashi ya yi ja wur, ko koko mai ɗumi ya taɓa shi sai na miƙe tsaye. Kuma ba wanda ya jawo mini sai ni kaina da Issaka mai aski.

A bayan gidajenmu a nan Zongo akwai wata kwata da ta toshe tun 'yata Salwa tana rarrafe, yanzu kuwa tana sakandare. Da an yi ruwa sai kwatar ta taso ta shigo mana ɗaki ba sallama. Bara katifar Mma Barkisu mai koko sai a hanyar Asawase aka tsinto ta. To, sai aka ce Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara wa ayarin motocinsa tsawo, zai zo ranar Asabar ya ji kukanmu. Unguwa ta taru ta zaɓe ni in yi magana, don kowa ya san Zuberu, in ya soma faɗa ko liman sai ya jira.

Na je gyaran fuska, Issaka ya leƙa bakina ya girgiza kai.

"Massa Zuberu, da waɗannan haƙoran goron za ka tsaya gaban kamara?"

Ya nuna mini bidiyo a waya. Wata mata ce ta guntsi man kwakwa, ta yi ta juya shi a baki minti ashirin, ta tofar, haƙora fes. Ya ce har ciwon kai yana kora. Washegari na bi trotro, motar haya, zuwa Tafo na sayi kwalba wajen wani mai lasifika, wanda ya rantse ya ƙara masa kanumfari da saiwoyi bakwai don ƙarfi.

Matar ta ce minti ashirin. Ni na ga haƙorana sun fi nata aiki, na mai da shi arba'in, safe da yamma. Basiratu matata ba ta taɓa goya mini baya irin wannan karon ba. Ita ke miƙo cokalin da kanta.

"Baban Salwa, ƙara kaɗan. Shekara goma sha tara ban san tsuntsaye na kuka a gidan nan ba sai wannan satin."

Laraba baki ya fara raɗaɗi, Issaka ya ce datti ne ke neman hanya. Alhamis ƙuraje suka feso, ya ce dattin ya sami ƙofa. Asabar na tashi kamar an cusa mini soson wanka.

An kafa rumfa, an jera kujeru. An ce ƙarfe goma, Mai Girma ya iso biyu da rabi, kuma wannan ma kirki ne, don ranar bai canja ba. Motocinsa sun kasa shiga lungunmu, sai mutanensa suka riga shi, suka jera katako a kan kwatar, suka shimfiɗa jan kafet. Haka bawan Allah ya taka matsalarmu da takalminsa ya wuce, yana ɗaga mana hannu.

Mai Girma ba ya jin Hausa, sai ya zo da tafinta, wani siriri mai farin kaftani. Aka miƙo mini makirfo. Niyyata in ce, "Mai Girma, kwata ta kashe mu." Abin da ya fito daga lasifika kuwa shi ne:

"Ai gi'a, wawa a a'e u!"

Liman ya sunkuyar da kai. Tafinta ya share gumi, ya juya ya ce da Turanci wai na kira Mai Girma wofa, wato kawu da harshen Twi, kawun Zongo baki ɗaya. Mai Girma ya dafa ƙirji.

Na sake gwadawa, haƙori ya gogi harshe, hawaye suka zubo mini shar. Na nuna ƙasa, wajen kafet, da hannu biyu. Tafinta ya ce ina roƙon kada Mai Girma ya bar wannan ƙasa, kuma daɗi ne ya sa ni kuka.

Daga can bayan taro Mma Barkisu ta miƙe tana ihu.

"Kwata yake cewa! Ku ɗaga kafet ɗin nan ku gani!"

Wani ya yi wa makaɗa alama, ganguna suka haɗiye ta. Mai Girma ya taso ya rungume ni, kafaɗarsa daidai muƙamuƙina. Ihun da na yi, shi ma an fassara.

Sai da ya sake ni ya lura da bakina, ya tambayi abin da ya same ni. Issaka, da ya hango kamara, ya ture mutane ya zo ya yi bayani tiryan-tiryan, sai dai ya manta wanda ya nuna mini bidiyon. Fuskar Mai Girma ta canja. Ya karɓi makirfo ya ce ba zai zauna yana kallon man kwakwa na cinye bakin talakawa ba. Nan take ya kafa kwamiti mai mutum goma sha biyu, aka tafa, ya sake taka kafet ya tafi. Mutanensa suka naɗe shi, suka kwashe har katakon.

Tun ranar Mma Barkisu ba ta amsa gaisuwata. Na rubuta mata a takarda cewa ba da gangan ba ne, ta ƙunsa wa wani ƙosai a ciki.

Litinin na je asibiti. Nas ta haska bakina, ta dube ni irin kallon da ake yi wa babban da ya yi aikin yara.

"Baba, wa ya aike ka? Ka bar man nan. Ruwan ɗumi da gishiri, ban da yaji, ka rage surutu. In bai sauka ba ka dawo."

Basiratu ta tambaye ta ko maganar rage surutun za a iya rubutawa a sa hatimi.

Amma kada ku ce manyanmu ba sa aiki. Jiya Talata, kwana uku kacal, sai ga ma'aikata da ƙaton allo. Hotona ne a jiki, baki a buɗe, hawaye na zuba, Mai Girma na rungume da ni, an rubuta gargaɗi kan kurkure baki da mai. Suka duba ko'ina ba fili, sai suka kafa ƙafafunsa biyu a tsakiyar kwatar, suka zuba siminti. Ɗan wurin da ruwa ke samu yana tsiyaya, yanzu ya rufe, kuma da rana na ga hadari na haɗuwa ta wajen Sofoline.

Ɗazu Mma Barkisu ta turo a karɓi sauran man. Na ɗauka sulhu ne, har na fara murmushi duk da zafi. Ashe a kwatar za ta zuba, safe da yamma, ko Allah ya sa ta kumbura manya su gan ta. Na ba ta kwalbar har da cokalin. A unguwar nan dai ban ji shawarar da ta fi wannan ma'ana ba.