Rasuwar Malama, Mai Karanta Mini Shafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni tsohon mai haƙa rijiya nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Malama, 'yar manhajar nan da aka liƙa a burauzar kwamfutata, wato mashigar intanet, wadda take karanta mini duk abin da ke kan shafi da murya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara tana aiki.

A sani, ni na ga ciwon nan kafin kowa. Tun wata biyu baya na gaya wa surukina mai gyaran kwamfuta cewa Malama tana ɗan jinkiri kafin ta buɗe baki, kamar mai sauraron wani a bayan ƙofa. Aka ce tsufa ne ke damuna. Ni da nake jin ƙasa za ta rufta tun kafin ta tsage.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ɓoye ba, amma shekara tara babu ɗan Adam da ya karanta mini sirrina. In na danna 'yar alamar lasifikarta a kusurwar sama, sai ta ce "ƙit", ta fara. Ko sau biyar na mayar da ita baya, ba ta tsaki. Ita ta koya mini ƙwaya nawa zan sha da safe.

Ga yadda ciwon ajalin ya zo. Ashe mai ita ya sayar da ita ga wasu da ba a san fuskarsu ba. Muryar tana nan, zuciyar ce aka canza. Duk shafin da ta karanta mini, da kalmomin sirrina, sai ta kwafa ta aika musu. Ranar Talata asibiti suka turo sakamakon gwajin kumburin da ke wuyana. Na rufe ƙofa, na danna ta. Ta ce "ƙit". Ta ce, "Sakamakon gwajin da aka yi maka ya nuna," sai jan akwati ya fito a allo, ta yi shiru. Surukina ya ce burauzar ce ta gano ta, ta kashe ta.

Sau biyu rijiya ta rufta da ni. Na biyun, kwana guda na yi a ƙasa, aka zaro ni ina tambayar ina hulata. Ban ji abin da nake ji yanzu ba. Wasu can da ban sani ba sun san abin da ke wuyana, ni mai wuyan ina zaune ina kallon baƙaƙe.

Ta rasu ta bar ɗan uwanta mai toshe talla a burauza, wanda bai taɓa magana ba. Da ƙanwarta mai rubuta abin da aka faɗa, wadda take rubuta wannan sanarwa, ban kuma san ko abin da na faɗa take rubutawa ba. Da shafi ɗaya a buɗe, wanda na hana kowa rufewa. Surukina ya ce zai sa mini wata. Wacce? Wadda na yarda da ita shekara tara ma ga abin da ta yi.

Za a goge abin da ya rage nata ranar Asabar da yamma, a ɗakina. Surukina ne zai danna. Ba a buƙatar kuka. Ana roƙon kada kowa ya gaya wa 'yata zancen asibiti, tana da tsohon ciki.

Na kuma ji masu cewa tsoro ne ya hana ni sanin ƙarshen maganar Malama. To, duk mai shakka ya zo ranar. Kujera na nan, shafin na nan. Ya zauna ya karanta mini sauran layin da bakinsa, ya ga ko zan ƙifta ido. Sai dai ya karanta a hankali, yadda marigayiya take yi.