Alhaji Ya Sayo wa Ɗansa Talauci

A layinmu akwai wani Alhaji Mamuda mai sayar da tayil ɗin daɓe, mutumin da Allah ya buɗa wa har ya manta yadda ake cewa babu. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya gagare shi ba sai kan ɗansa Fa'iz. Tun yaron yana cikin zanen goyo Alhaji ya yanke cewa likita zai zama. Ya sayi fili a bakin titi, ya kewaye, ya sa aka kafa ƙaton allo mai sunan asibitin Dakta Fa'iz, alhali Daktan ko rarrafe bai fara ba. Yanzu yaron yana wata firamare mai tsadar gaske, kuma kowane zango shi ke zuwa na ƙarshe, babu mai ja da shi a wannan kujera. Abin da ya fi ci wa Alhaji rai kuwa shi ne mai zuwa ta ɗaya. Hansatu ce, 'yar Ɗanlami mai faci, wanda rumfarsa da ɗan ƙaramin gidansa ke jingine da katangar Alhajin. Kyauta makarantar ta ɗauke ta, domin ubanta ke lura da tayoyin motar ɗaukar yara.

Rannan shugabar makaranta ta aiko da saƙo cewa in Fa'iz ya sake zuwa na ƙarshe, za a mayar da shi ajin ƙanwarsa. Isiyaku direba ne ya kawo saƙon, don shi ke zuwa taron iyaye, shi ke karɓo sakamako, har wasu malamai sun ɗauka shi ya haifi yaron. Alhaji ya tuna allon nan da duk garin ke wucewa ta gabansa, gumi ya karyo masa. Ya tambayi Isiyaku me kuma aka faɗa a taron.

"Wani farfesa ne ya yi jawabi, ranka ya daɗe. Ya ce su a kan tabarma suka yi karatu, da fitilar ƙwai. A ƙafa suke zuwa makaranta, kokonsu ko sukari babu."

Alhaji ya tuna duk wani babban mutum da ya taɓa ji a rediyo haka yake faɗa, bai taɓa jin wanda ya ce a cikin iyakwandishan ya zama farfesa ba. Ga kuma Hansatu a ƙofar gidansa.

Ya ce, "Isiyaku, na gano ciwon. Talauci yaron nan ya rasa."

"Amma Alhaji, ai na ji an ce kai ma da fitila ka tashi."

"Tawa aci-balbal ce, ba ta da ƙwai. Shi ya sa na tsaya a aji uku."

Shi kuma Alhaji ba ya sayen jabu. Ya ce in dai talauci zai saya wa ɗansa, to sai na asali, wanda aka gwada aka ga aikinsa. Ya aika gidan Ɗanlami aka karɓo tabarmar da Hansatu ke karatu a kai, aka kai musu darduma mai laushi. Aka karɓo fitilar, aka kafa musu sola. Har kwanon shan kokonta bai tsira ba. Ɗanlami mutum ne mai kunya, ya rasa bakin cewa a'a, sai godiya yake yana ta mamakin abin da ke damun maƙwabcin nasa.

Daga nan aka shiga gyara Dakta. Aka kai sabon yunifom ɗinsa wajen tela, aka ce ya yaga ya yi masa faci, telan ya ce wannan aiki na musamman ne, ya fi ɗinkin tsada. Aka yanke wutar ɗakin yaron shi kaɗai, janareto na ruri a tsakar gida, shi yana zaune da fitila tana yi masa hayaƙi. Aka kulle jan kekensa mai giya a sito. Da safe sai ka gan shi yana tafiya makaranta a ƙafa, Isiyaku na biye da shi a hankali cikin jibgegiyar mota, mai aiki kuma na riƙe masa lema, don Hajiya ta rantse rana ba za ta taɓa mata ɗa ba. Kuku ya dama koko babu sukari kamar yadda aka umarce shi, Hajiya ta bi bayansa da madara da soyayyen ƙwai. Da aka gaya wa Alhaji akwai sauro a gidan Ɗanlami, cewa ya yi to shi ke hana yarinyar gyangyaɗi, a cire ragar tagar Fa'iz. Yaro ya kwanta zazzaɓi, aka kai shi asibitin kuɗi, ɗakin manyan baƙi.

Duk wannan ta waya Alhaji ke gudanar da shi, yau daga kasuwa, gobe daga filin jirgi. Ni kuwa tausayin yaron nake ji, don sau da yawa bayan magariba nakan hango kansa a saman katanga yana leƙen gidan mai faci.

Zango ya ƙare. Hansatu, da ta samu sola da darduma, ta sake zuwa ta ɗaya da tazarar da ta fi ta da. Fa'iz ya riƙe kujerarsa, sai dai yanzu ya ƙaru da warin kananzir. Shugabar makaranta ta ce ta yi masa lamuni sau ɗaya saboda zazzaɓin, amma daga wannan sai ajin ƙanwarsa.

Alhaji ya fito da kansa, ya tsaya a rumfar faci, abin da bai taɓa yi ba. Muna zaune a benci muna jiran a sa mana iska.

"Ɗanlami, tsakaninka da Allah, ka ɓoye mini wani abu. Tabarma na karɓa, fitila na karɓa, har sauronku na shigo da shi gidana. Me ya rage?"

Ɗanlami ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya goge hannu a riga. "Wallahi Alhaji babu komai. Ni ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. In na tashi daga aiki dai nakan zauna kusa da ita ta karanta mini. In ta yi daidai in ce madalla. In ta yi kuskure ma in ce madalla, sai ta yi mini dariya ta gyara da kanta."

"Zama kawai?"

"Zama kawai, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. "To ai da ka faɗa tun farko. Ni ina na ga lokacin zama? Rufe rumfar nan, ka dawo gidana gaba ɗaya ka riƙa zama wa Dakta. Faɗi kuɗinka, ba na neman ragi."

Ɗanlami ya sosa ƙeya. "Ka makara, Alhaji. Daktan ya riga ka tayawa. Ya zo nan da kansa ya nemi Hansatu su yi musayar uba, ya ce zai ba da kai, ya ɗora mata da jan kekensa."

"To, me ta ce?"

"Ta ce keken dai tana so."