Saukowa Daga Dutsen Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Rurum Tsohon Gari ba, ina sabon ango. Bayan la'asar na nemi sabis ɗin waya na rasa, aka ce sai a kan dutsen bayan gida. Ni kuwa da tumbina, da babbar riga, da takalmi sau-ciki mai santsi, na ce wannan ɗan dutsen? (Mu mutanen birni kowane tudu bene muke ɗaukarsa.)

Hawan ma ban ji da daɗi ba. Kowane taku sai na ɗaga nauyina gaba ɗaya, kamar an ɗaura mini buhun masara a ƙugu. Na kai ina haki, na yi wayata, na juyo.

Nan ido ya raina fata. A hawa, ƙasa tana janyo ka baya, kana ja tana ja. A gangara kuwa ita da nauyinka bakinsu ɗaya, gwiwa ce kaɗai birki. Ina sa ƙafa takalmi ya zame. Na tsaya cak. Na leƙa na ga duwatsu masu tsini suna jira na, na fara salati. Wallahi na tsorata, har na hango amaryata cikin takaba saboda sabis.

Sai ga surukata a gindin dutsen, ta zo kwashe shanyar barkono. Ta gan ni sarai. Amma kunyar surukuta ta hana ta yi mini magana, ni ma ba ni da bakin cewa "Inna, taimaka." Sai ta juya wajen akuyarta da ke kiwo a gefe, ta ɗaga murya.

"Ke akuyar nan! Mai hankali ai cire takalmi yake, ya zauna, ya biyo a karkace. Ba a miƙewa tsaye!"

Na cire, na zauna, na dinga jan gindi. Dab da ƙasa nauyi ya fi ƙarfina, na sulalo na dira tsakiyar barkonon. Ga atishawa, ga hawaye, ga wando a yage.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta dai ce, "Sannu, akuya."

Tun ranar na gane hawa da ƙarfi ake yin sa, sauka kuwa sai an ƙanƙan da kai. Kuma in ka ji surukarka tana yi wa dabba nasiha, buɗe kunnenka da kyau.