Sha'aibu da Lojisiyel ɗin Ƙwarin Gero

"Ni Sha'aibu, in na zamna gaban ordinater, ita ka fara gaishe ni. Duk Tasawa da Mayahi, kai har Maraɗi, babu mai ja da ni. Wanda ya hi ni ba a haihe shi ba tukuna!"

Haka ya faɗa a tsakiyar biron ƙungiyar manoma ta Tasawa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana kaɗa makullin babur ɗin da ba nasa ba.

Abokina, in ba ka san Sha'aibu ba, Allah ya hutar da kai. Da can aikinsa tura waƙoƙi cikin wayoyin mutane a bakin tasha. Sai ya je Yamai ya yi wata formasiyon, wato horon koyon aiki, ta sati biyu. Ya dawo da tabarau marar magani, da jaka mai aljihu goma sha biyu, da sunan Injiniya, wanda shi ya yanka wa kansa ragon. Tun daga nan ko sannu ka ce masa, sai ya amsa maka da faransanci.

Abin da ya kawo shi biron kuwa magana ce mai nauyi. Bara ƙwari sun yi wa geron yankin wankin babban bargo, wasu gidajen rumbu bai kai su ko tsakiyar rani ba. Najiba, malamar gona ta ƙungiyar, ta yi damina biyu tana bin gonaki tana ɗaukar hoton kowane ƙwaro, ta rubuta alamarsa da maganinsa. Shugabar ƙungiyar, Madam Zara'u, tana son a haɗa wannan aiki cikin lojisiyel guda, wato manhajar kwamfuta, manomi ya zo ya duba ya gane abin da ke ci masa gona, ko da babu rezo na shiga intanet. Matsalar ita ce ordinater, wato kwamfuta, uku gare su, kowace da addininta. Ta Tasawa Windos ce, ta Korgom Linus, ta Maijirgi kuma wata tsohuwar Mak ce da aka ba su kyauta. An riga an sa ranar babban taro a Maijirgi, saura sati uku, kafin gero ya fidda kai.

"Wanga shi na matsalar?" in ji Sha'aibu, ya yi dariya har da dafa tebur. "Madam, kin san nabigater, abin da kike buɗe shafin intanet da shi? To inji gare shi a ciki. Ni zan ciro injin nan ɗungurungum, in cusa shi cikin lojisiyel ɗinmu. In rubuta shafi sau guda, ya hito iri guda a kowace ordinater."

"Da mi za ka riƙe injin?" in ji Madam.

"Da Piton."

"Mi ke nan?"

"Yaren ordinater ne. Ma'anarshi mesa. Akwai igiyar da anka yi wadda ka haɗa shi da injin. Mesa ta naɗe inji, ni in naɗe mesa. Ƙarshen zance!"

Abin haushin, abokina, dabarar gaskiya ce. Masu ilimi suna yin haka, kuma yana aiki. Shi dai Sha'aibu ya ji labarin ne a Yamai, rabi a aji rabi wurin mai shayi.

Najiba, wadda ta ɗan taɓa wannan karatu a jami'a, ta ce a hankali, "Malam Sha'aibu, ka dai tuna kowace ordinater da irin injinta. Sai ka haɗa uku, ka gwada kowace."

Ya zare tabarau ya dube ta sama da ƙasa. "Ɗiyar nan, ke tsaya ga tsutsa. Inji na manya ne."

Ta miƙa masa hotunanta da rubutunta.

Gogan naka ya kwafo misalin da masu igiyar suka ajiye don 'yan koyo, ya canza layi huɗu, ya danna. Lojisiyel ta ƙi tashi. Ya sake dannawa, ta watso masa jan rubutu. Ya kashe ordinater ya kunna. Ya hura mata iska ta baya. Ya ce zafi ne, aka ba shi fanka. Ya ce fankar ce, aka ɗauke. Kwana uku yana wannan kokawa, yana shan shayin ƙungiya, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa wasu masu hassada daga ƙasar waje ne suka gano shi suke kai masa hari.

Rana ta huɗu Najiba ta zo wucewa ta bayansa da buta a hannu. Ta ɗan tsaya.

"Malam, sunanka ne."

"Sunana ya yi mi?"

"Shi ya hana ta tashi. Ka rubuta 'Aikin Babban Injiniya Sha'aibu'. Ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyar sunanka, Piton ya ɗauka nan zancen ya ƙare. Sauran 'aibu' ɗin bai san inda zai kai shi ba."

Masinjan biro ya ƙware da shayi. Madam Zara'u ta rufe baki da mayafi. Ai kuwa gaskiya, ko ordinater da ta zo kan "Sha" ta haɗiye, "aibu" ɗin ne ya tsaya mata a wuya.

"Na gani tun shekaranjiya," in ji Sha'aibu. "Gwada ku nike in ga wa ka lura."

Ya cire waƙafin. Taga ta buɗe fes, ga shafi, ga rubutu, ga hoton fara. Sai da ya zagaya biron sau biyu yana karɓar gaisuwar da babu wanda ya yi masa.

Washegari ya zuba aikin a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinater, ya hau kabu-kabu sai Korgom. Tun a hanya ya gaya wa ɗan kabu-kabun cewa ya ɗauko tarihi a bayansa, ya bi rairayi a hankali. Da isarsa ya sa aka kira manyan ƙungiya na garin, aka shimfiɗa tabarmi. Ya soka kile, ya gyara wuyan riga, ya danna.

Shiru.

Ya danna da ƙarfi. Ordinater ta tambaye shi, cikin ladabi, da me yake so a buɗe wannan baƙon abu.

"Kuran ɗinku na pano ne ko?" ya tambaya, yana nufin ko lantarkinsu na faifan hasken rana ne.

"Na pano ne," in ji sakataren Korgom.

"Shi ya sa. Wutar rana ba ta da nauyi. Injina ba ya cin abinci marar maiƙo."

"To amma Injiniya, da ita muke aiki kullum."

"Aikinku daban, nawa daban."

Ya fita bayan ɗaki kamar zai kama ruwa, ya kira Najiba yana raɗa. Ta ce, "Injin Windos ka kai ma Linus. Na hwaɗa maka uku ne." Ya dawo ya sanar da jama'a cewa bayan dogon nazari ya gano ordinater ɗinsu tana buƙatar inji na musamman, wanda shi kaɗai ya san inda ake samu. Dattawa suka naɗe tabarminsu, ɗaya yana tambaya ko za a biya su hantsin da suka ɓata da ko goro ne.

Ya koma Tasawa ya sauko da injina uku. Kowane ɗaya ƙato ne, don nabigater sukutum ba ɗan wasa ba ne. Ya tura su kile, kile ta ce ta ƙoshi. Najiba ta ce ga tata babba, ya ara.

"Injiniya ba ya aro," in ji shi. "Ragewa zan yi. Turawan nan ɓarna gare su, rabin kayan duk tarkace ne."

Nan Sarkin Shara ya zage. Duk dosiye, wato jakar ajiya ta cikin ordinater, da ya ga ya yi nauyi, ya share. Duk fishiye, wato fayil, da bai gane sunansa ba, ya share. A ciki har da wani ƙarami wanda injin ke kira ya taya shi zana kowace taga. Da ya ga layin da ke kiran wannan fishiye, sai ya goge sunan, ya rubuta sunan lojisiyel ɗin kanta a gurbin.

"Ta taya kanta," in ji shi. "Kowa ma haka ya taso."

"Ka gwada?" Madam Zara'u ta tambaye shi ana gobe taro.

"Madam, mai shakka ka gwaji."

"Sha'aibu, mutane za su baro gonakinsu su zo. In sunka koma ba su ƙaru da komi ba, ba su sake amsa kiranmu."

"Ki shirya guɗa kawai."

Ranar taro Maijirgi ta cika. Amalanken jakai sun yi layi a bakin makaranta, manoma sun zo daga ƙauyuka da sauran laka a ƙafa. Aka rufe tagogin wani aji, aka rataya farin zane, aka haɗa tsohuwar Mak da majigi. A sahun gaba ga Malam Na Allah, dattijon da ya fi kowa asara bara. Kunnensa ya yi nauyi, idonsa kuwa ras, kuma ba ya iya magana a hankali.

Sha'aibu ya shigo da kwat a cikin wannan zafi. Aka ba shi minti biyar, ya ci arba'in. Ya yi bayanin inji, ya yi na mesa, ya yi na igiya, ya faɗi yadda manyan Yamai suka roƙe shi ya zauna ya ƙi saboda kishin talakawa.

"Yaro, mun ji," in ji Na Allah da ƙarfi. "Nuna muna ƙwarin."

Sha'aibu ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan maɓalli.

Abin mamaki, taga ta buɗe. Manyan baƙaƙe suka fito a kan zane, Madam Zara'u ta karanta wa jama'a: "Maƙiyan gonarka. Na ɗaya, murzuna, tsutsar da ka cinye zangarniyar gero."

A ƙarƙashin rubutun kuwa, inda ya kamata a ga tsutsa, sai ga Sha'aibu. Kwat, tabarau, hannu a haɓa, yana murmushi irin na wanda ya ci zaɓe.



Najiba ta matso ta raɗa masa, "Ina hotunana?"

"Suna ciki."

"Dosiyen da ya hi kowane nauyi, ka taɓa shi?"

Sha'aibu ya hau goge tabarau. Ashe hotunan damina biyu na cikin tarkacen da ya share. Kuma a misalin da ya kwafo akwai gurbin hoton da za a nuna in an nemi wani an rasa. Nan Mai Girma ya liƙa nasa, don ya ce gurbi bai kamata ya zauna banza ba.

"Wannan gabatarwa ce," ya ce da jama'a, gumi na bin kwat. "Mu je gaba."

Ya danna. "Na biyu, fara." Sha'aibu, hannu a haɓa.

Ya danna. "Na uku, darɓa, mai tsotse gyaɗa da wake." Sha'aibu.

Wata mata a baya ta ce, "Ikon Allah, duk kamarsu guda!" Dariya ta fara tsiyaya daga bayan aji tana gangarowa gaba.

Sai lojisiyel ta tuna an ce ta taya kanta. Ta kira kanta, wata taga ta buɗe. Wannan ma ta kira wata. Biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas. Sha'aibu ya rufe ɗaya, uku suka fito. Ya rufe uku, zane ya cika. Ko'ina Sha'aibu, manya da ƙanana, wani kan wani, duk suna murmushi. Tsohuwar Mak ta fara huci kamar jakin da aka yi wa lodin siminti, linzaminta ya sandare.

"Harin ƙasar waje ne!" ya yi ihu. "Ku kashe! A zare waya!"

Aka zare. Batir gare ta, ta ci gaba.

Madam Zara'u ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga Najiba. "Kina da su a wayarki?"

"Duka, Madam."

"To mu koma inuwar iccen bedi, ki nuna musu da hannu, ƙungiya ƙungiya. Shi kuma wanga, a karɓi makullin biro daga gare shi."

Mutane suka fara miƙewa suna share hawayen dariya. Malam Na Allah kaɗai bai motsa ba. Bai ji ko kalma ɗaya daga abin da Madam ta faɗa ba, ya dai ƙura wa zanen ido da gaske, yana gyaɗa kai. Ya dubi zane, ya dubi Sha'aibu, ya sake duban zane. Sannan ya dogara sandarsa ya tashi, ya yi magana da muryar da aka ji har wurin amalanke.

"Madam, shekara sittin ina noma, ban taɓa ganin ƙwaro mai saurin hayayyafa kamar wanga ba. Tun da ga uwar nan tsaye a gabanmu, a kawo maganin a fara feshin da ita!"