Man Gyaɗa a Agogon Baba

Agogon da Baba ya bar min ba ya cin batir, murɗa shi ake yi, ga maɓallai biyu na auna gudu. Da ya fara jinkiri na ce, ni da nake gyaran injin ban-ruwa a Wurno, wannan ɗan mitsitsin zai gagare ni? Na ɓalle bayansa, na ɗiga masa man gyaɗa.

Bayan kwana uku ya tsaya cak. Na kai wa Malam Sule mai gyara a kasuwar Birnin Kudu. Yana buɗewa kiyashi suka fito a jere.

Ya ce, "Injin nan ya girme ka, masu tara tsofaffin agogo nemansa suke ido rufe. Kai kuma ka soya shi."

Agogon bai sake motsi ba. Har yau in na gifta rumfar Malam Sule, sai wani mara kunya ya ɗaga murya: "Malam, ya soyu ko a ƙara wuta?"